Ellora, Thanjavur ko Mahabalipuram: wanne ya cancanci kuɗin motarka?

Wanda karatu ko jinya ta kai shi Indiya, ya samu sararin kwana biyu yana son ganin tsohon ginin dutse na mabiya addinin Hindu, ba zai iya zagaye su duka ba. Ƙasar da faɗi, kuɗin guzuri kuma da iyaka.

Ni dai in sau ɗaya za a je, haikalin Kailasa nake zaɓa, wato kogo na 16 cikin koguna 34 na Ellora a jihar Maharashtra. Ba tubali aka jera ba. Dutse guda aka hau kansa a ƙarni na 8, zamanin sarki Krishna na Ɗaya na daular Rashtrakuta, aka yi ta sassaƙa daga sama zuwa ƙasa har ginshiƙai da matakala da giwaye suka fito. In hannu ya goce, babu gyara, domin abin da aka sare ba ya komawa. Ka hau tudun da ke bayansa ka leƙo, nan za ka gane girman aikin. Tazararsa da Aurangabad, wadda yanzu ake kira Chhatrapati Sambhajinagar, kamar kilomita 30 ce. Garin na da Musulmi da yawa, don haka masallaci da abincin halal ba sa wuya, kabarin sarki Aurangzeb ma yana kusa, a Khuldabad. A kula, ana rufe Ellora ranar Talata.

Haikalin Brihadisvara na Thanjavur, a Tamil Nadu, tsayi ne abin taƙamarsa. Rajaraja na Ɗaya na daular Chola ya kammala shi a 1010, hasumiyarsa ta haura mita 60. Shiga kyauta ne, amma har yau ana bauta a ciki, wanda hakan zai dame shi ya sani tun daga gida. Dole a cire takalmi, daɓen dutsen kuwa da tsakar rana ƙona ƙafa yake, sai a yi sammako.

Mai jinya a Chennai kada ya wahalar da kansa. Mahabalipuram na nan kimanin kilomita 60 kudu da birnin, a je a dawo a yini guda. Haikalin bakin tekun, na sarakunan Pallava ne tun farkon ƙarni na 8, ƙarami ne, iskar gishiri kuma ta cinye yawancin zanensa.

Akwai haikalin Konark a jihar Odisha, na wajen 1250, mai siffar keken doki da ƙafafu 24. Aiki ne mai kyau, sai dai bangonsa na ɗauke da sassaƙen tsiraici, ban ba mai tafiya da yara shawarar zuwa ba.

A Ellora da Mahabalipuram baƙo na biyan kuɗin shiga fiye da ɗan ƙasa. A sa tafiyar tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin zafi ya kankama.