Kujerar Dako a Kan Bishiya: Wadda Ta Dace da Mai Farauta da Baka a Dajin Gwamnati

Wanda zai yi farautar barewa da baka a dajin gwamnati a nan Amurka, ya sa a ransa tun farko cewa komai a bayansa zai goya. Mai gonar kansa yana kafa kujerarsa a bishiya tun watan Agusta, ya share hanya, ranar farauta ya je da bakansa kawai ya hau. Kai kuwa a bakin titi za ka ajiye mota, ka yi tafiyar mil ɗaya ko biyu cikin duhun asuba, ka hau tudu ka gangara kwazazzabo, domin barewar da ta sha matsin maharba ba ta zama kusa da inda ake ajiye motoci. Kuma baka ba bindiga ba ce. Sai dabba ta matso kamar yadi 20 ko 30 kafin ka saki kibiya da kwanciyar hankali, shi ya sa ake hawa sama ƙafa 15 zuwa 20, a kauce wa idonta da hancinta. A kudu maso gabashin jihar Ohayo nake yawan farauta, cikin dajin Wayne mai faɗin fiye da eka 240,000, kuma da idon mai hawan waɗannan tuddai nake auna kowace kujera.

Kafin a taɓa aljihu, a duba doka, don ita ke rage zaɓin. A dajin gwamnati kusan ko'ina an hana buga ƙusa ko murɗa matakalar ƙarfe cikin jikin itace, an kuma hana sare rassa. Jihar Fensilbaniya ta yarda ka bar kujera a dazuzzukan farautarta daga mako biyu kafin buɗe farautar barewa zuwa mako biyu bayan rufewa, da sharaɗin ka maƙala mata alamar da ke nuna mai ita. A Wiskonsin, filayen hukumar jihar da ke kudu da babbar hanya mai lamba 64, dole ka sauke kayanka kullum idan lokacin harbi ya ƙare. Ko inda aka yarda ka bari ma, ɓarawo bai sa hannu a dokar ba. Don haka ni abin da nake nema shi ne kujerar da zan shiga da ita da asuba, in fito da ita da magariba.

Mai dogon tsani a jikinta, wadda ake jinginawa da bishiya, ba ta cikin wannan magana: kayan mutum biyu ce, ta gonar kanka ce.

Sai mai hawa da kanta, wadda ke da ɓangare biyu, na zama da na tsayawa, kana ɗaga ɗaya ka ja ɗaya har ka kai sama. Summit Viper SD ita ce aka fi sani, nauyinta wajen fam 20, kimanin kilo 9, kuma gaskiya babu kujerar da ta kai ta daɗin zama. Mutum zai wuni a kanta bayansa bai yi tsami ba. Matsalarta ita ke zaɓar maka bishiya. Sai miƙaƙƙiya, marar reshe tun daga ƙasa, mai kauri tsakanin inci 8 da 20. Irin wannan itacen sau da yawa yana can nesa da hanyar barewa, ko kuma iska na kaɗawa daga gare shi zuwa inda dabbar za ta ɓullo. Ga ƙarar kankarar ɓawo lokacin hawa, musamman a jikin itacen hikori mai ɓawo a ɗaɗɗage. Ga kuma ƙarfen da ke kewaye da gabanka, wanda ƙasan baka ke iya duka idan dabba ta zo daf da gindin bishiya.

Sirdi shi ne yayin yanzu, irin na kamfanin Tethrd da makamantansu. Ɗamara ce kake zama a ciki, igiya ta riƙe ka da bishiya, ƙafafunka a kan ɗan ƙaramin faranti. Ba shi da nauyi, kuma kullum a ɗaure kake, wannan abin yabo ne. Amma yana matse ƙugu, harbi ta ɓangaren hannun da kake jan tsirkiya yana son dogon horo, sannan sandunan hawa, wato gajerun matakalai da ake ɗaura wa bishiya, da faranti suna nan a bayanka, ragin nauyin bai kai yadda ake zuzutawa ba. Matashi mai lafiyar gwiwa ya gwada.

Tawa ita ce mai ratayawa, wadda ake ɗaure wa bishiya da ɗamara, a hau da sandunan hawa uku ko huɗu. Ba kowace mai ratayawa ba, wadda farantinta zubin alminiyam ne guda ɗaya, ba bututun da aka yi wa walda ba. Kamfanin Lone Wolf ne ya yi suna da wannan ƙira, yanzu XOP da Novix da Lone Wolf Custom Gear duk suna yin irinta. Dalilina na farko shiru. Bututu rami ne da shi, ko maɓallin rigarka ya taɓa shi sai ya amsa, kuma idan sanyin Nuwamba ya kama, lokacin da mazajen barewa ke bin mata kuma farauta ta fi albarka, wajen walda da wajen noti sukan yi ƙara da zarar ka juya ƙafa. Zubi ba ya haka. Ka miƙe a hankali, ka mai da nauyinka kan ƙafar hagu, ka ja baka, babu abin da zai ji sai bugun zuciyarka.

Dalili na biyu, ni ke zaɓar bishiya. Karkatacciya ce, mai rassa ce, mai rabuwa biyu ce, duk ɗaya. Waɗannan kujeru suna da wurin saita faranti ya daidaita ko da itacen ya jingina gaba ko baya, da haƙoran da ke cizon ɓawo ko da ya karkata gefe. Kuma bishiya mai rassa ita ce ke ɓoye mutum. A kan miƙaƙƙen itace tsirara, barewa na ɗaga kai za ta ga dunƙulen abu da bai kamata ya kasance a can ba. A tsakiyar rassan itacen ok kuwa ka saje. Sau da yawa ba na ma wuce ƙafa 12 idan akwai ganye a bayana, kuma harbi daga ƙasa-ƙasa ya fi ratsa huhu biyu, dabba ta faɗi kusa ba tare da ta sha wahala ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya yi bisimilla kafin ya saki kibiya, yana neman naman da zai kai wa iyalinsa.

Na uku, yadda take kwanciya a baya. Ta naɗe ta zama falle guda, sanduna su hau kanta a ɗaure, ba abin da ke kama ƙaya ko ya yi ƙwaram-ƙwaram. Masu kyau suna tsakanin fam 8 da 12. Millennium M7 Microlite wajen fam 8 da rabi ce, mai sauƙin ratayawa, amma farantinta ƙarami ne ga mai babban takalmin sanyi, kuma ba zubi ba ce. Aibin mai ratayawa ba na ɓoye shi: mazauninta ɗan soso ne, bayan awa huɗu za ka san kana zaune, hawa yana cin minti goma zuwa sha biyar ga wanda hannunsa ya faɗa, kuma ta zubi da sanduna masu kyau za su ci ɗaruruwan daloli. Na yarda da wannan ciniki.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Wasu suna auna kujera ba soso, ba ɗamara, ba igiyar goyo. Haɗa nauyin sanduna, ɗamarar tsaro mai tare ka idan ka faɗo, baka, ruwa da rigar sanyi, sannan ka san abin da za ka hau tudu da shi. Haka ma iyakar nauyin da take ɗauka: idan an rubuta fam 300, da kai da tufafinka da jakarka ake nufi.

Yanzu ga abin da ya fi duk wannan muhimmanci a wurina. Na taɓa sayen kujera ta hannu daga wani mutum a shafin saye da sayarwa na intanet. Ya rantse kaka ɗaya ya yi da ita, a gareji take kwana. Fentinta na sheƙi, wayoyin ƙarfe biyun da ke riƙe faranti suna cikin rigarsu ta roba, lafiya lau a ido. Ina sama, na ɗora ƙafa a bakin faranti, sai na ji ƙas, gefe ɗaya ya sauka. Ɗamarar tsaro ce ta riƙe ni, na daki bishiya da kafaɗa, baka ya tafi ƙasa. Da na sauko na yanka robar da wuƙa, sai ga waya ta zama jan gari, tsatsa ta cinye ta daga ciki inda ruwa ke kwanciya. Kujerar nan ta yi shekaru a waje, fenti kawai ya fesa mata.

Tun daga nan, kujera ta hannu sai na lanƙwasa wayar na saurara, na duba bakin robar ko akwai jan ruwa ko kumburi, kuma ko ta yi kyau sai na sa sababbin wayoyi da sabuwar ɗamara daga kamfanin da ya ƙera ta. Ɗamarar da ta koɗe, rana ta ci ta. Wadda gefenta ya yi gashi-gashi, kurege ya gwada haƙori a kai. A jefar. Zubin alminiyam kuma a haska shi da tocila a nemi siririn tsagu kusa da ramin noti. Wanda ya tsage ba ya gyaruwa.

Jabu ma sun cika kasuwa. Za ka ga sandunan hawa da faranti masu kama da na manyan kamfanoni sak, har da hoton da aka sato, a kan rabin kuɗi, daga mai sayarwa wanda ba shi da adireshi ko lambar waya. Araha ba ta ado, balle a ƙafa 20 daga ƙasa. Nemi shaidar ƙungiyar masu ƙera kujerun, TMA, wadda ke nuna an gwada samfurin bisa ma'aunin ASTM, ƙungiyar da ke tsara mizanin ingancin kaya, kuma kada ka tsaya ga tambarin da ke kan hoto, shiga shafin ƙungiyar ka ga ko kamfanin yana ciki. Shiga shafin CPSC, hukumar gwamnatin Amurka mai kare jama'a daga kaya masu haɗari, ka rubuta sunan kujerar, domin an sha janye kujeru da sanduna daga kasuwa saboda karyewa, kuma irin waɗannan ne ke komawa hannun 'yan gwanjo. Ƙugiyar ƙarfen da za ka rataya ranka a kai ta kasance ta masu hawan dutse, da ƙarfinta a rubuce a jiki, kN 20 ko fiye (kN ma'aunin ƙarfin jan da za ta jure ne). Akwai masu kama da ita da ake rataya makulli, wasu har an buga musu gargaɗin cewa ba na hawa ba ne, amma za ka tarar an cusa su cikin kunshin kaya masu araha. Ɗamarar tsaro kuwa ba na sayen ta hannu ko kyauta ce. Tana da wa'adi, galibi shekara 5, kuma wadda ta taɓa tare faɗuwa ta gama aiki. Mai sayarwa ba zai gaya maka ba.

Galibin faɗuwa wajen hawa da sauka ne, da lokacin tsallakawa daga sanda zuwa faranti, don haka igiyar ƙugu da ke zagaye bishiya, irin ta masu gyaran wutar lantarki a kan falwaya, tana cikin kuɗin kujera, ba ƙari ba ce. Ɗaura ta tun ƙafarka na ƙasa. Ka kuma ɗaga kai ka dubi itacen kafin ka hau: wani ƙwaro da aka fara gani a Amurka a jihar Mishigan a 2002 ya kashe itatuwan ash birjik a wannan yanki, suna nan tsaye kamar masu rai, alhali sun bushe, reshe na iya ɓallowa ba sallama.

Akwai kuma kayan sata. Idan ka ga mutum yana sayar da kujeru biyar iri daban-daban a watan Disamba, babu takarda, babu ɗamarar asali, an kankare wani wuri a jikin ƙarfe inda ake rubuta suna, ko ga guntun sarƙar da aka datse, to daga bishiyar wani aka sauke su. Tambaye shi rasit, ko ka ce ya nuna maka yadda ake saita faranti a karkatacciyar bishiya. Wanda bai taɓa hawa da ita ba, nan take zai fara kame-kame, kai kuma ka riƙe kuɗinka ka koma mota.