Karatu ta Intanet da Zaman Aji a Lokacin Korona: Wanne Ɗalibai Suka Fi So?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsoron kamuwa da korona ya sa ɗalibai sun gwammace karatu ta intanet, ko kuwa sun fi son komawa aji duk da haɗarin. Zan amsa da abin da ya faru a Najeriya, domin shi na gani da idona.

A ƙarshen Fabrairun 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar a Legas, kuma kafin Maris ya ƙare gwamnatin tarayya ta rufe makarantu. Rufewar ta zo daidai da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, wanda bai ƙare ba sai 23 ga Disamba. Saboda haka ɗalibin jami'ar gwamnati bai ma samu zaɓin ba a mafi yawan shekarar. Waɗanda suka ɗanɗani karatun intanet tun da wuri su ne ɗaliban jami'o'i masu zaman kansu, sauran kuwa sai bayan komawa a Janairun 2021, lokacin da wasu jami'o'i suka mayar da darussa masu cunkoso kan Zoom.

Ta fuskar lafiya, babu shakka intanet ta fi aji kwanciyar hankali. Duk wanda ya taɓa shiga laccar 'yan shekarar farko a jami'a, inda wasu ke zaune a bakin taga wasu kuma a tsaye har ƙofa, ya san cewa maganar ba da tazara ba ta da wurin zama a nan, balle a ɗakin kwanan ɗalibai da ake layin ruwa tun asuba. Ɗaliban da na zanta da su ba kansu suka fi ji wa tsoro ba. Abin da ya fi damunsu shi ne su kwaso cutar su kai wa mahaifi mai ciwon suga ko kaka mai hawan jini, musamman bayan yawan rasuwar dattawa da aka yi a Kano a watan Afrilun 2020, wadda ta girgiza har masu cewa korona cutar masu kuɗi ce.

Ta fuskar karatun kansa kuwa, aji ya yi wa intanet nisa. Ɗalibin da ke zaune a aji kuɗin mota kawai ya biya, alhali na gida sai ya sayi data, ya nemi wurin caji idan an ɗauke wuta, sannan ya yi fatan sabis ba zai yanke ba a daidai inda malam ke warware abin da ya shige masa duhu. A gidaje da yawa waya ɗaya ce tsakanin 'yan'uwa, kuma abin ya fi yi wa ɗalibai mata nauyi, domin ganinsu a tsakar gida ya isa a ɗora musu girki da rainon ƙanne a lokacin lacca. Mai karatun likitanci ko injiniya kuma ba shi da abin da zai maye masa asibiti ko ɗakin gwaje-gwaje. Duk da haka ba zan ɓoye alherin intanet ba: laccar da aka naɗa aka tura ta WhatsApp ana iya sake sauraronta sau uku, kuma mai kunyar ɗaga hannu a gaban jama'a yakan samu ƙarfin halin tambaya a rubuce.

A ganina, mafi yawansu aji suka fi so, kuma ina jin zafin yadda aka riƙa fassara hakan da rashin hankalin ƙuruciya. Cutar abu ce da mutum zai iya kamuwa da ita ko ya tsira, musamman idan ya sa takunkumi yana wanke hannu, amma asarar zangon karatu tana faruwa a gabansa kowace rana. Ga wanda ya shiga jami'a a makare, watanni goma a gida na iya kai shi ga kammala digiri bayan ya haura shekara 30, wato a ba shi takardar yafewa maimakon ya tafi bautar ƙasa tare da abokan karatunsa.