Bakaniken da ya tayar da tsohon Jincheng ɗin gidanmu

Babur ɗin da nake magana a kansa Jincheng AX100 ne, wanda mahaifina ya saya a shekarar 2006 ya kuma yi ta hawa har ƙafafunsa suka gaza. Bayan rasuwarsa sai aka jingine shi a zaure, aka lulluɓe shi da tsohuwar tabarma, ya shafe fiye da shekara biyu babu wanda ya taɓa shi. Cire tallafin fetur da aka yi a watan Mayun 2023 shi ne ya sa na sake waiwayarsa, domin zirga-zirga da mota a cikin Kano ta fara fin ƙarfin aljihuna. Na zuba masa mai, na taka kik har gumi ya jiƙa mini riga, amma ko tari bai yi ba.

Bakaniken farko da na kai wa bai tsaya gwada komai ba. Ya canza fulogi, babur bai tashi ba. Ya ce in sayo sabon CDI, wato ɗan akwatin da yake sarrafa wutar da ke zuwa fulogi, na sayo, bai tashi ba. Daga nan ya yanke hukuncin cewa sai an buɗe inji an sa sabon fistin da ringi. A wannan gaɓar na dakatar da shi, saboda na lura cewa duk lokacin da hasashensa ya ƙi ci, aljihuna ne yake biya. Wani maƙwabcina da ya taɓa yin acaɓa kafin gwamnatin jiha ta hana ta a cikin birni a farkon 2013 shi ne ya yi mini kwatancen wani dattijo da ke da rumfar gyaran babura a wajen Kurna, ya ce a zamaninsu wajensa suke kai duk mashin ɗin da ya gagari yara. Wannan rumfa ce nake so in faɗi ra'ayina a kanta, da abin da ya burge ni da wanda bai yi mini daɗi ba.

Wurin ba shi da wani fasali. Rumfar kwano ce, da benci guda ɗaya da baƙin mai ya rine, da akwatin ƙarfe cike da sifanu, da yara masu koyon aiki guda uku. Da muka sauke babur ɗin daga a-daidaita-sahu, dattijon bai ɗauki ko sukundireba ba sai da ya yi mini tambayoyi: tsawon lokacin da ya yi a ajiye, ko an bar mai a tanki lokacin da aka jingine shi, da kuma abin da aka riga aka canza. Da na ce ina zargin batir ne tunda ya mutu murus, sai ya ce, "Malam, wannan mashin ba ruwansa da batir wajen tashi. Wutarsa daga maganeto take fitowa idan ka taka kik, batir aikinsa hon da sigina." Wannan bayani kaɗai ya hana ni kashe kuɗin da na riga na ware.

Ya fara da wuta. Ya kwance fulogi, ya mayar da shi cikin hularsa, ya jingina ƙarfensa a jikin inji, ya sa yaro ya taka kik, mu duka muka sunkuya muna kallo, babu ko ɗigon tartsatsi. Maimakon ya ɗora laifin a kan koyil ko CDI, sai ya cire tanki ya bi wayoyi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya zare wadda ta taho daga makulli, ya ce a sake takawa. Nan take tartsatsi shuɗi ya fito, har ana jin ƙararsa. Ya bayyana mini cewa a irin wannan babur, idan ka kashe makulli, abin da yake faruwa shi ne ana haɗa wayar wuta da jikin ƙarfe domin wutar ta zurare. To ɓera ya ɓantare robar wannan waya a ƙarƙashin tanki, tagullar tana taɓa firam, saboda haka kullum babur ɗin a kashe yake ko da makulli yana kunne. Ya nuna mini tabon haƙoran ɓeran, ya yanke wurin, ya haɗa, ya naɗe da tef. Ashe tsohon CDI ɗin da aka cire lafiyarsa ƙalau, kuma da na kawo shi washegari ya gwada shi a gabana ya ce in adana.

Samun wuta bai tayar da babur ɗin ba, kuma a nan ne na ga bambancin wanda ya san aiki da wanda yake cinta. Bai karaya ba, bai kuma koma zargin inji ba, ya ce saura mai. Ya shinshina bakin tanki ya yamutsa fuska, domin tsohon fetur ya lalace ya haɗu da sabon da na zuba, ga kuma tsatsa a ƙasan tankin saboda danshin damina biyu. Da ya buɗe kwanon kabureta, abin da muka tarar ya yi kama da busasshen ƙaro, ruwan kasa mai danƙo, ya riƙe fulot ya kuma toshe ƙaramin jet, wanda shi ne yake ba inji mai a lokacin tashi da lokacin silo, wato sa'ad da inji yake aiki a hankali ba a murɗa totur ba. Ya ɗaga jet ɗin saitin rana ya ce in leƙa, ban ga haske ba. Ya jiƙa shi, ya zura masa siririn gashin waya guda ɗaya a hankali, ya hura, ya sake ɗaga shi, sai ga ɗan ramin ya bayyana kamar kan allura. Ya gargaɗi yaransa a gabana cewa kada wanda ya kuskura ya sa allura ko ƙusa a wannan rami, domin idan ya faɗaɗa babur zai riƙa shan mai yana jiƙa fulogi har abada. Tankin kuwa an wanke shi sau uku, ya kuma sa ƙaramar matata a kan tiyon mai domin ta tare ragowar tsatsa.

Kafin ya mayar da fulogi ya toshe raminsa da babban yatsa, aka taka kik, iska ta ture yatsan da ƙarfi. Ya ce ga amsar maganar fistin da ringi, matsin injin yana nan, babu dalilin buɗe shi yanzu. Da aka haɗa komai babur ya kama, ya yi ƙara na ɗan lokaci, sai ya shaƙe ya mutu. Dattijon ya sa tafin hannu a bakin salansa, aka sake takawa, ya ce iskar da take fitowa ba ta kai ba. Da aka kwance salansar sai ga gidan zanzaro, laka ta bushe ta cika bakin bututun, ga kuma tsohon baƙin gawayi na shekaru ya taru a ciki. Injin tu-sitirok irin wannan ba ya jure toshewar salansa, domin idan hayaƙi bai fita ba sabon mai ba shi da wurin shiga. Bayan an ƙwaƙule an ƙona, taku biyu ya ishe shi, ya tsaya a silo yana fitar da farin hayaƙin nan da na sani tun ina yaro. Ban ɓoye ba, sai da idona ya kawo ruwa.

Abu na ƙarshe da ya duba, wanda ni ban ma tuna da shi ba, shi ne famfon man tu-ti. Irin wannan inji ba shi da baƙin mai a ƙarƙashin fistin kamar Boxer, man da yake shiga tare da fetur shi ne yake jiƙa shi, kuma idan iska ta shiga tiyon famfon bayan doguwar ajiya, inji zai iya kamewa a kan hanya. Ya fitar da iskar, ya kuma ce in haɗa ɗan tu-ti a cikin tankin farko har a tabbatar famfon yana turawa.

Sai dai akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata mai niyyar zuwa ya sani. An ce mini aikin yini ɗaya ne, ya kai kwana uku, saboda dattijon yana barin babur ɗinka duk sa'ad da wani tsohon abokin cinikinsa ya tsaya da ƙaramar matsala. Yaransa ba su da kularsa: sun ɓatar da noti biyu na murfin gefe suka maye su da wasu da ba su dace ba, sun kuma cinye kan sukurun kabureta. Na ga ɗaya daga cikinsu yana zuƙo fetur da baki ta tiyo, kuma fetur ɗin da aka yi wanki da shi a ƙasa ake zubarwa, kusa da mai shayin da ke hura wuta, abin da har yanzu yake damuna. Babu rasit, babu wurin zama na kirki, kuma idan kana son kayan gyara masu kyau gara ka je Sabon Gari da kanka ka sayo, domin wanda yaro zai kawo daga shagon kusa yawanci mai araha ne.

Ta fuskar kuɗi kuwa, abin da na biya shi na aiki da tef da matata da gasket bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da bakaniken farko ya nema domin buɗe inji ba, kuma bai karɓi ko sisi ba sai da na zagaya unguwa da babur ɗin na dawo. Duk mai tsohon Jincheng ko Suzuki ko Yamaha da ya daɗe a ajiye, ina ba shi shawarar irin wannan rumfa, da sharaɗin ya zauna a wurin ya sa ido a kan yara.

Dattijon ya ce in dawo bayan mako biyu, na kuma koma. Ya kwance fulogi ya duba bakinsa, ya tarar da shi ruwan ƙasa a bushe, ya ce cakuɗin mai da iska ya yi daidai. Ya ƙara da cewa robobin da ke gefen kiranshaf sun tsufa, kuma ranar da na ji silo ya fara hawa da kansa ba tare da na murɗa totur ba, in kawo shi kafin ya ci fistin. Wata na biyar ke nan ina zuwa aiki a kansa daga Rijiyar Lemo, kuma silon bai motsa daga inda ya saita shi ba.