Tsohon Murhun Gashi Ya Yi Tsatsa: A Gyara Ko A Sayi Sabo?

A gidaje da yawa na karkarar Kano da Jigawa, ba a tunawa da murhun gasa nama sai layya ta matso. An gama gashi, a jingine shi bayan rumbu da tokarsa a ciki, damina ta sauka a kansa daga Yuni har Satumba. Toka tana riƙe danshi, shi ya sa gindin murhu ne ke fara cinyewa, sai ƙafafu inda suke taɓa ƙasa.

Kafin ka kashe ko sisi, kife shi, ka kaɗe tokar, ka ɗauki babbar ƙusa ka bi gindin kana dannawa da ƙarfi. In jan gari ne kawai ke zuba, ƙarfen yana amsa ƙara in ka ƙwanƙwasa, murhunka na da sauran rai. In kuwa yana ɓarewa falle-falle, ƙusa na shigewa, to tsatsa ta ci jiki. Huda ɗaya ko biyu mai walda zai toshe da fallen ƙarfe. Amma idan gindin duk ya zama rariya, walda ba ta kamawa a ƙarfen da ya sirance, tana ƙara huda shi ne. Ni a ganina, duk gyaran da kuɗinsa ya haura rabin kuɗin sabo, gara a ɗora murhun a sikelin 'yan gwangwan, a ƙara ciko a sayi wani.

Idan ya cancanci gyara, hanyoyin cire tsatsa ba ɗaya suke ba. Mafi araha shi ne burushin ƙarfe da sanfefa: aikin hannu ne, yana cin lokaci, amma ba ya cin ƙarfe. Injin gurza ƙarfe na masu walda yana gamawa cikin mintuna, sai dai ya fi dacewa da murhu mai kauri, irin wanda aka ƙera da rim ɗin mota. A kan rabin duro mara kauri, hannu ya ɗan yi nauyi sai ka ga haske ta ɗaya gefen. Ga raga da ƙananan ƙarafa kuwa, jiƙo ya fi: a kwanar da su cikin ruwan khal, ko ruwan tsamiya mai kauri in tsatsar ba ta yi nisa ba, da safe a goge, a ɗauraye, a shanya nan take a rana. In aka bar su da lema, kafin yamma ja ya dawo. Ruwan batir da wasu ke ba da shawara, a nisance shi. Yana ƙona fata, yana makantar da ido, ba abin kawowa kusa da abinci ba ne.

Inda na fi so mai saye ya tsaya ya yi tunani shi ne raga, domin ita ke taɓa naman da iyalinka za su ci. Mafi sauƙin samu ita ce farar waya irin ta shingen kaji, ko guntun kwanon rufi da aka huhhuda. Farin nan tutiya ce aka shafa don hana tsatsa. Tana narkewa a wajen maki 420 na ma'aunin Salsiyas, garwashin da aka hura sosai kuwa yana wuce haka, kuma hayaƙinta na sa zazzaɓi da ciwon jiki, abin da aka sani yana kama masu walda. Ragar tsohon firji ma kada ta ruɗe ka don ta yi kyau a ido: an lulluɓe ta da roba ko wani shafe da ba a yi shi don wuta ba. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake kira sitenles, shi ne gaba da kowa, amma da tsada, kuma sai an shiga birni. Abin da ya fi dacewa da aljihun yawancinmu shi ne baƙin rodi mai milimita 6 ko 8, a jera, a walde. Ka tsaya a kan aikin ka ce, "Malam, a bar tsakaninsu kamar faɗin yatsa, kar hanta ta zurare, kuma a sa mini hannu biyu na ɗagawa." Rodi zai yi tsatsa in an yi sakaci, amma tsatsarsa gogewa ake yi, ta fita.

Bayan goge raga da burushin ƙarfe, a bi ta da jiƙaƙƙen tsumma a duba da kyau. Silin waya ɗaya da ya maƙale ya shige cikin tsoka, yaro ya haɗiye, magana ta koma asibiti.

Fenti kuwa, a nan ake yawan asarar kuɗi. Fentin mai da ake shafa wa ƙofa da taga, wutar farko zai kumbura ya ɓare, warinsa ya kama nama. Akwai na fesawa mai jure zafi, za ka ga an rubuta maki 600 ko kusa da haka a jikin gwangwanin. Irinsa sai wurare kamar kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Ko shi ma a waje kawai ake fesa shi, a bari ya bushe, a hura wuta ba nama sau ɗaya ya kama jiki. Ciki da raga ba su buƙatar fenti ko kaɗan. Man gyaɗa ko kitse za a shafa siriri, a ɗora a wuta har hayaƙi ya ɗauke, a maimaita sau biyu ko uku, sai ƙarfen ya yi baƙin sheƙi irin na kaskon suya da ya daɗe a hannun uwargida. Wannan baƙin shi ke tare tsatsa. Baƙin man inji da wasu ke shafawa don adana ƙarfe, a bar shi ga amalanke da garma.

In sabo za ka saya, maƙera na fito da su a kasuwannin mako, irin Dambatta ranar Lahadi ko Wudil ranar Juma'a. Ɗaga shi ka ji nauyi, ka girgiza ka ga ko ƙafafu na rawa. Kada sabon fenti ya ja ka. Na rim ya fi daɗewa, amma ƙarami ne, na 'yan tsinke da kaza ɗaya. Rabin duro mai lita 200 zai ɗauki cinyar rago da haƙarƙari a lokaci guda, sai dai ka tambayi abin da duron ya taɓa ɗauka. Wanda ya ɗauki maganin feshi ko wani sinadari, bar shi ko kyauta ne. Wanda ya ɗauki fetur kuma, turirin da ya rage a ciki na iya fashewa a hannun mai yanka shi.

Sabo ko gyararre, a shimfiɗa yashi ko yumɓu kaurin yatsa biyu a gindinsa don kada garwashi ya zauna kan ƙarfe kai tsaye, a bar ƙofofin iska a gefe. Wuta ta mutu, a kwashe toka, a shafa wa raga mai, a kife murhun a kan bulo a cikin rumfa.