Tsadar soja ko ƙarancinsa: wanne ke gyara Medieval II?

Ƙanena Usman, ka ce kana taɓa Broken Crescent, wato mod, gyararren salon wasan yaƙi na kwamfuta Medieval II: Total War, da ke farawa a shekarar 1174, kuma da ka kai zagaye na sittin kuɗi ya yi maka yawa, rundunarka duk mahaya masu sulke, babu mai iya tare ka. Kana tambaya ko ka tsauwala kuɗin riƙe soja ne, ko ka rage saurin samunsa. Duka biyun na gwada su a nan Gadarif ta Sudan, a 'yar kwamfutata, ranakun da aka bar mana wuta.

Tsauwala farashi ya fi sauƙi. Ka buɗe export_descr_unit.txt, ka nemo layin stat_cost na kowace ƙungiyar soja. Lamba ta biyu kuɗin ɗauka ce, ta uku kuɗin riƙewa a kowane zagaye. Na ninka ta ukun ga mahaya masu nauyi, kuma a farko abin ya yi daɗi, don sai da na riƙa ƙirga fulorin, kuɗin cikin wasan, kamar mai cefane. Amma ni mutum ne, na san in sallami soja idan yaƙi ya lafa, in zuba kuɗin a kasuwa da tashar jirgin ruwa. Kwamfuta, mai jan ragamar sauran dauloli, ba ta da wannan dabarar. Ɗauka take yi har baitulmali ya koma bashi, gini ya tsaya cak. Na je yaƙar Misira ina ɗar-ɗar, na tarar garuruwanta ba su motsa daga yadda aka fara ba. Maganin da aka saba shi ne a ƙara wa daulolin kwamfuta kuɗin aljihun sarki, denari_kings_purse a cikin descr_strat.txt. To ka ga an yi ba a yi ba ke nan: tsadar kai kaɗai take ci, kuma da ka kama birane goma ta daina cinka.

Rage samuwar soja kuwa a export_descr_buildings.txt yake, a layukan recruit_pool. Bayan sunan ƙungiya akwai lambobi huɗu: nawa ake farawa da su, nawa ke ƙaruwa a zagaye, iyakar da za su taru, sai gogewa. Idan ta biyu 0.5 ce, duk zagaye biyu kana da sabuwar ƙungiya. Mayar da ita 0.1, sai ka jira zagaye goma. Wannan dokar ba ruwanta da mai kuɗi ko talaka, tana hawa kanka, tana hawa kan kwamfuta daidai wa daida. Har cike gurbin waɗanda suka mutu daga wannan rumbun ake ɗiba.

Kai da ka tashi a nan ka san abin. In riɗi ya nuna, kwanaki kaɗan ne tsakaninka da ya fashe ya zube ƙasa. Mai gona na iya riƙe da jakar kuɗi, amma in masu yanka sun ƙare a gari, kuɗin ba zai kama lauje ba. Haka yaƙin wancan zamani yake. A yaƙin Hattin na 1187, masarautar Kudus ta 'yan Salibiyya ta kwashe masu tsaron garuruwanta ta haɗa runduna guda, Salahuddin ya murƙushe ta a Yuli, kafin Oktoba ta ƙare Kudus ɗin ma ta faɗi. Ko da akwai zinariya, ba ta haifar jarumi cikin wata uku. Shi kansa Salahuddin mahayansa da iƙta'i ake biyansu, wato harajin wata ƙasa da aka yanka wa mutum, kuma sukan matsa su koma su duba amfaninsu, shi ya sa riƙe su a fagen fama tsawon shekara yake wuya.

Da na mayar da mahaya masu sulke 0.1, iyaka biyu, wasan ya sake kama. Ina wasa da Makuriya, daular Nuba mai hedikwata a Dongola, waɗanda tun ƙarni na bakwai Larabawa suka san kibiyarsu har suka yi musu laƙabi da masu harbin ƙwayar ido. Cikin gurabe ashirin na runduna, uku kacal ke kan doki da sulke, sauran 'yan baka ne da masu mashi. Wata rana kusa da Aswan na yi gangancin tura ukun nan cikin masu mashi, na rasa fiye da rabinsu. Na daɗe ina kallon allon, kofina ya huce. Zagaye goma sha biyar na yi ina tsaron gida kawai, ga kuɗi jibge, ba abin saya.

Nan ne raunin wannan hanya: kuɗin bai ragu ba, ya ma ƙaru. In ka bar sojan haya yadda suke, da su za ka cike gurbin, gyaran ya tashi a banza, don haka ka leƙa descr_mercenaries.txt ka rage nasu saurin dawowa. Aikin kuma ya fi yawa, layukan ɗaruruwa ne, kuskuren harafi ɗaya na iya hana wasan buɗewa.

Ni dai shawarata ka fara da ta biyun. Ka bar 'yan sa-kai da masu mashi da araha da yawa, ka matse manyan mahaya, sannan ka ɗan ɗaga kuɗin riƙe su, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ba ninki ba. Rarar kuɗin kuma ka nema mata mafita a gini: tsawwala manyan ganuwa da barikoki. Kafin ka taɓa komai ka kwafi fayilolin nan ka ajiye gefe, kuma ka fara sabon kamfe, wato wasa daga farko, don abin da ka canza a descr_strat.txt ba zai bayyana a tsohon ajiyarka ba.