BAL-12.5 ko BAL-40: wane fili ya fi?

Ɗan'uwa, ka ce dillali ya nuna maka filaye biyu a bayan garin Melbon da ke ƙasar Ostireliya, ɗaya BAL-12.5, ɗaya BAL-40 mai araha, kana son sanin bambancinsu.

Lambar nan ta BAL (Bushfire Attack Level, matakin haɗarin gobarar daji) awon hucin da zai bugi gida ne idan daji ya kama da wuta, wato kilowat nawa a kan murabba'in mita. Ƙa'idar gini ta Ostireliya, AS 3959, ta kasa shi hawa shida: LOW, 12.5, 19, 29, 40, sai FZ, inda harshen wuta ke lasar bango. Mai awo yana duba irin itatuwan wurin, tazararsu da gidan, da gangaren ƙasa, don wuta ta fi gudu in tana hawan tudu. An tsaurara ƙa'idar bayan gobarar 7 ga Fabrairun 2009 da ta kashe mutum 173 a jihar Biktoriya, inda Melbon take.

A BAL-12.5 abin tsoron tartsatsi ne. Iska kan ɗauko ɓawon bishiyar turare yana ci, ta cusa shi ƙarƙashin kwano ko cikin indararo mai busasshen ganye. Aikin dai toshe kafofi ne, da sa wa tagogi ragar ƙarfe wadda idonta bai wuce milimita 2 ba, ta alminiyam ma an yarda. Kuɗin da zai ƙaru bai taka kara ya karya ba.

BAL-40 kuwa wata duniya ce. Hucin kaɗai yana iya fasa gilashi tun wuta ba ta iso ba, kuma da zarar taga ta tarwatse, labule da kujeru sun shiga uku. Don haka sai gilashi mai tauri na milimita 6, ko murfin taga na musamman. Ragar alminiyam ta fita, sai ta ƙarfe ko tagulla. Bango na bulo ko wani abin da ba ya cin wuta. Barandar katakon nan da ake marmari, manta da ita. Araha ba ta ado: rangwamen da aka yi maka a fili, a tagogi za ka mayar da shi, ga inshora tana jira.

Ni dai na farkon zan ɗauka. In ranka na kan na biyun, karɓi rahoton awon a rubuce, ka tambayi mai awo ko janye ginin nesa da itatuwa zai sauko da shi zuwa 29, sannan magini ya yi maka lissafi kafin ka sa hannu.