Wiwi da Spice: kama da wane ba ta wane

Ganyen wiwi yana ɗauke da THC, sinadarin da ke danna CB1, wata mahaɗa da ke karɓar saƙo a ƙwaƙwalwa, amma rabi-rabi kawai. Illarsa sananniya ce: mantuwa, bugun zuciya, wani lokaci ruɗewa.

Spice ko K2 kuwa busasshen ganye ne aka fesa wa sinadarin ɗakin gwaji, irin JWH-018 da aka gano a cikin Spice a Jamus a 2008. Wannan yana danna CB1 har ƙarshe, shi ya sa nake ganin ya fi muni nesa ba kusa ba. Feshin ma ba ya daidaita: tsunkule ɗaya lami, na gaba ya jawo farfaɗiya ko ya lalata ƙoda. A 2018 an tarar da gubar ɓera a cikinsa a jihar Illinois ta Amurka, masu sha suka riƙa zubar da jini, wasu suka mutu.